Sifirin da Na Sa Tsakanin Baffa da Arɗo

Lokacin da nake ajin ƙarshe a jami'a na yi imani cewa shawarar taro lissafi ce kawai da mutane ke yi da baki. Na ɗauka idan ka san abin da kowane mutum yake so, ka san iyakar taurin kansa, ka kuma san wanda yake jin maganarsa, to kana iya faɗin abin da taron zai yanke tun kafin a shimfiɗa tabarma. Sauran abubuwan da ake yi a wurin, gaisuwa da karin magana da raha, na ɗauke su ƙaiƙayi ne, sai an sheƙe su kafin a ga tsaba. Ba raini ne ya sa na riƙe wannan ra'ayi ba. Ina ƙaunar mutanenmu, kuma a ganina na lokacin, idan na nuna cewa ana iya lissafa hikimarsu, na girmama ta ke nan.

Ilimin kwamfuta nake karantawa, a ƙarshen shekarun casa'in, kuma aikin da na zaɓa na kammala digiri shi ne kwaikwayon yadda jama'a ke yanke shawara. Ga yadda ake yi. Mutum zai rubuta ƙananan manhajoji, kowace ta tsaya a madadin mutum guda. Mukan kira su wakilai. Kowane wakili a ba shi ra'ayinsa da halinsa cikin lambobi, sannan a sake su su yi ta musayar ra'ayi zagaye bayan zagaye, kowanne yana ɗan gusawa zuwa wajen waɗanda yake ganin girmansu, har su haɗu a wuri ɗaya ko su kasa. Abokan karatuna sun zaɓi majalisun manyan kamfanoni na ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Ni kuwa na zaɓi zaman sakin gona na garinmu.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Sule Tankarkar, ba nisa da Ɗanzomo. Duk kaka, bayan an yanke gero an ɗaure dammuna, dattawa sukan zauna a ƙofar gidan mai gari su sa ranar da za a bar shanu su shiga gonaki. Kafin wannan rana, saniyar da ta taka gona ta yi ɓarna, mai ita zai amsa. Bayanta kuwa, duk wanda bai kwashe amfaninsa ba shi ya jawo wa kansa. Makiyaya sukan so a sa ranar da wuri, domin ciyawar daji ta riga ta bushe. Manoman da suka gama aiki su ma da wuri suke so, domin garken da ya kwana a gonarka taki yake bar maka. Wanda amfaninsa ya makara ne kaɗai gabansa ke faɗuwa.

A wannan shekarar malamanmu sun shiga yajin aiki, na dawo gida a daidai farkon kaka, ba ni da inda zan taɓa kwamfuta. Sai aka gaya mini akwai guda ɗaya a wani ofishin aikin gona a Gumel, a hannun wani ma'aikaci mutumin Filato, Kirista, wanda ya yi shekaru a Gagarawa kafin a dawo da shi nan. Kowa Oga yake ce masa, ni ma haka na bi. Na same shi ya lulluɓe na'urar da wani ƙyalle mai furanni da matarsa ta ɗinka mata.

"Ɗan jami'a, cire takalmi," in ji shi, tun ina bakin ƙofa. "Wannan abar ta fi ni daraja a wurin gwamnati. Idan na mutu yau, gobe za a turo wani. Idan ita ta mutu, sai an yi ta rubuce-rubuce zuwa Dutse."

Ya yarda in riƙa zuwa bayan azahar, idan ya gama nasa aikin kuma akwai wuta. Da farko yakan bar ni ni kaɗai. Daga baya sai ya riƙa jawo kujera ya zauna a gefena da ƙullin gyaɗa, yana tambayar wane ne wane, har ya san dattawan garinmu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

Na yi wa mai gari wakili, na yi wa liman, na yi wa masu unguwanni da manyan manoma. Na yi wa Baffana, yayan mahaifina, wanda shi ne sarkin noma. Na yi wa Arɗo, shugaban Fulanin da rugarsu take gabas da gari tun kafin a haife ni, da ɗan ƙanensa wanda ke magana da yawun matasan makiyaya. Abin da ya fi cin lokaci shi ne, ga kowane mutum biyu dole in sa lamba mai nuna yadda maganar ɗaya ke motsa ɗayan. Tsakanin liman da mai gari na sa babbar lamba. Tsakanin wasu masu unguwanni biyu da suka taɓa rigimar iyaka na sa lamba mai ja da baya, wato idan wannan ya yi gabas wancan zai yi yamma. Da na zo kan Baffa da Arɗo ban yi ko jinkiri ba, na sa sifiri.

Mu asalinmu Mangawa ne, wani reshe na Barebari, kamar tsofaffin gidaje da yawa a ƙasar Gumel, kuma tsakaninmu da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowanne yana ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma abin kunya ne mutum ya yi fushi da abin da abokin wasa ya faɗa masa ko ya yi masa. Tun ina yaro ban taɓa jin Baffa da Arɗo sun yi magana ɗaya ta hankali ba. Idan suka haɗu a bakin rijiya, Arɗo ne ke farawa.

"Ina kwana, bawana? Har yanzu gishiri kuke lasa da safe a maimakon kunu?"

"Lafiya lau, abin da na saya da kanwa rabin mudu. Yaya uwargidan taka mai ƙaho?"

Haka za su yi ta yi har guga ya fito, su rabu kowa yana dariya.

Oga ya ga sifirin ya tsayar da hannuna. "Waɗannan biyun ba sa magana da juna ne?"

"Suna yi, Oga, fiye da kowa ma. Amma wasa ne kawai."

"Da ni ne na ji su, da na ce abokan gaba ne."

"Shi ya sa sai ɗan gari," na ce masa, ina jin daɗin kaina. "Baƙo zai ɗauka faɗa ne. Ni na san ba komai ba ne."

Ya jefa gyaɗa a baki. "To, kai ka san mutanenka."

A wannan kakar akwai gona ɗaya da ta makara ƙwarai, kuma ta Gwaggona ce, ƙanwar Baffa da mahaifina. Mijinta ya rasu a daidai faɗuwar ruwan farko, ta shiga takaba, ba ta da ɗa namiji, sai 'yan mata biyu da ba su kai aure ba. Kafin 'yan'uwa su gama da nasu gonakin su juyo kan tata, lokacin gero ya wuce, sai aka shuka mata wake zalla. Wannan waken shi ne abincinta na shekara: wani ta ci, wani ta musanya da gero.

Ranar da ta fita takaba ta ce in raka ta ta ga gonar, domin ba ta taɓa ganinta da shuka ba. Duk gonakin da ke kewaye sun zama kara da ƙasa, tata kaɗai ce kore shar, tana kiran ido tun daga nesa. Ta durƙusa ta tsinki kwanso ɗaya, ta ɓare shi da farce. Ƙwayoyin sun cika, amma ɗanyu ne, farce na shiga cikinsu.

"Allah ya bayar," in ji ta, "sai dai bai gama ba tukuna. Yana son kamar mako biyu na rana."

Washegari na kunna wakilaina a karo na farko da cikakkun lambobi. Suka yi ta kai-kawo, suka tsaya a kan cewa za a saki gonaki ranar Litinin, kwana kaɗan bayan zaman da za a yi ranar Juma'a. Na canza wanda zai fara magana, suka sake cewa Litinin. Na ƙara wa liman tausayi, na rage wa matasan makiyaya zafi, duk dai Litinin ɗin. Ba abin mamaki ba ne. Kusan kowa ya gama aikinsa, kuma ana ta raɗe-raɗin cewa manyan garkuna na tahowa daga Damagaram, idan aka yi jinkiri su za su cinye karan kafin shanun gida.

Na je na sami Gwaggo tana tankaɗe.

"Gwaggo, na'ura ta ce Litinin za a saki gona."

"Na'urar ta san ni ne?"

"A'a. Waɗanda ke zama a taron kaɗai na sa a ciki."

"To ta gaishe da waɗanda ta sani."

Na ce ko za a tara mata mata a rore shi haka nan, a samu abin da aka samu. Ta ajiye rariyar ta dube ni. "Ɗan nan, ɗanyen wake idan aka tara shi ruɓewa yake yi. Ba zan kashe shi da hannuna don tsoron bakin saniya ba. Wanda ya fito da shi daga ƙasa yana gani."

Daga nan na wuce wurin Baffa, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya yi magana a zaman. Ya daɗe yana gyaran ƙotar fartanya kafin ya amsa.

"Da wane bakin? Bara wani bawan Allah ya roƙi a ɗaga masa rana saboda dawarsa, ni na ce al'ada ba ta jiran mutum ɗaya. Ranar Juma'a yana zaune yana kallona. In tashi in ce a tsayar da shanun gari saboda gonar ƙanwata? Idan na yi haka, baɗi kowa yana da ƙanwa."

Wannan ma na riga na sa shi a lissafi. Wakilin Baffa yana son jinkiri, amma na ba shi kunya mai yawa, don haka ba ya buɗe baki. Na fito daga zaurensa ina jin cewa na fahimci komai, kuma fahimtar ba ta amfana wa Gwaggo komai ba.

A cikin makon labari ya bazu cewa na zuba dattawan gari a cikin akwati a Gumel. Arɗo ya tare ni a hanyar masallaci.

"Kai, ɗan bawana! An ce ka kulle ni a akwati, ko ruwa ba ka ba ni. Abin da ake koya muku a makarantar bokon ke nan?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya ce shi ba ya sayen saniya a cikin duhu, sai ya gani da idonsa. Ranar Alhamis, a kan hanyarsu ta dawowa daga kasuwar Maigatari, sai ga shi da Baffa a ƙofar ofis. Oga ya miƙe tsaye yana ta "sannunku da zuwa, Baba", kunya ta hana shi maganar takalmi. Arɗo da ya ga nawa a bakin ƙofa ya cire nasa da kansa. Sai Oga ya nuna masa lungu ya ce ko zai jingine sandarsa a can, kada ta taɓa waya.

"Yaro, takalmi na cire, hula ma in kana so sai in cire. Sanda kuwa ko a masallaci tana gefen ƙafata."

Gaskiya ya faɗa. Doguwar sanda ce da hannu ya goge ta har tana sheƙi, kuma ban taɓa ganinsa ba tare da ita ba.

A kan allon kwamfutar kowane wakili harafi ne guda a kan layi. Hagu shi ne sakin gona da wuri, dama kuwa jinkiri. Arɗo ya sunkuyo har gemunsa na neman taɓa gilashin.

"Wanne ne ni?"

Na nuna masa.

"Ya rame. Wanne ne bawan nawa?"

"Ga shi can dama, Baba, shi kaɗai."

"Ka gani ko? A cikin akwati ma malalaci ne. Kowa na motsi, shi yana zaune."

"Maigida ba ya yawo," in ji Baffa daga bayansa. "Bayi ne ke kai-kawo."

Haruffan suka yi ta rarrafe har suka taru a hagu. Arɗo ya tambayi abin da suka yanke, na ce Litinin.

"Madalla! Bamange, akwatin nan ya fi ka hankali, kuma ba ya cin tuwo."

Oga yana ta dariya. Cikin dariyar ne, ba da wata manufa ba, ya juyo ya ce, "Af, ɗan jami'a, ita wannan gwaggon taka mai waken da ka ba ni labarinta, ina take a nan?"

Baffa ya mai da idonsa kan wata taswira da ke bango kamar yau ya fara ganin taswira. Na ce a hankali, "Ba ta ciki." Oga ya gane ya taka wani abu, ya shiga gyara ƙyallen na'urar da ba ya bukatar gyara.

Arɗo kuwa bai ɗaga kai daga na'urar ba. Ya ci gaba da kallon allon, can ya sa yatsa tsakanin harafinsa da na Baffa.

"Na ga kowa yana jan wani. Me ya sa nawa da nasa ba sa jan juna?"

"Sifiri na sa a tsakaninku, Baba. Wato babu. Na ga duk maganarku wasa ce."

Ya miƙe ya yi dariya har da dukan ƙasa da sanda, Oga yana kallon wayoyinsa da fargaba. "Daidai ka yi, yaro! Me zai haɗa ni da wannan? Tashi mu tafi, bawana, ka riƙe mini takalmi."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka zauna. Ni ina can baya, inda marasa gemu ke tsugunawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda zaman ya bi abin da na gani a allo sawu da sawu. Ɗan ƙanen Arɗo ya yi magana da ladabi amma da zafi: nono ya ragu, maruƙa suna ramewa, baƙin garkuna suna hanya. Masu unguwanni suka goyi bayansa, har biyun nan da ba sa jituwa, kowanne da nasa dalilin. Liman ya ce alheri yana cikin abin da jama'a suka haɗu a kai. Baffa yana zaune a gefen hagun Arɗo, kansa a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, abu biyu nake ji a lokaci ɗaya: tausayin Gwaggo, da wani ɗan daɗi na cewa lissafina ya fita. Har yau idan na tuna na biyun nakan yi mamakin zuciyar ɗan Adam.

Mai gari ya gyara zama, ya yi gyaran murya, wanda kowa ya san shi ne alamar za a rufe magana. A daidai nan Arɗo ya laluba aljihu ya fito da goro. Ya juya shi, ya gwada fasawa da hannu ɗaya, ya ƙi. Sai ya kwantar da sandarsa a kan tabarma, ta gefen hagu, ya kama goron da hannu biyu.

Ban ga lokacin da hannun Baffa ya fita ba. Na dai ga sandar ta koma ƙarƙashin cinyarsa, ya danne ta, ya ɗaga kai a karo na farko tun da aka zauna.

"Tun yaushe bawa ke zama da sanda a gaban iyayen gidansa? Na daɗe ina haƙuri da wannan rashin kunyar."

"Ranka ya daɗe!" in ji Arɗo da ƙarfi, yana duban mai gari. "A ƙofar gidanka ake fashi da rana tsaka?"

"Ni ban ga komai ba," in ji mai gari. "Idona yana kan goro, ina jiran a miƙo."

Wurin ya ɗauki dariya.

"Bamange, me za ka yi da sanda? Ko akuya ba ka iya korawa ba."

"Kunu zan riƙa damawa da ita."

"Faɗi fansarta in biya. Ƙwaryar nono?"

"Nononku rabi ruwa ne. Ni sai ranar da na ci ƙosan sabon wake na ƙoshi, sannan in duba ko zuciyata ta yi sanyi."

Wani mai unguwa, wanda ko dai bai gane ba ko kuma ya gane sarai, ya ce ai akwai sabon wake a rumbunsa, gobe ma sai a soya.

"Naka na farkon kaka ne, ya yi tauri," in ji Baffa. "Haƙorana sun tsufa. Na ƙarshen kaka nake so, wanda bai bar gona ba tukuna."

Gona ɗaya ce tak a garin da wake bai bar ta ba, kuma babu wanda ke zaune a wurin da bai san ta ba. Amma ba wanda ya ambaci mai ita. Arɗo ya juya wajen mutanensa ya buɗe tafukan hannunsa.

"To, kun gani da idonku. Ni tun da na tashi ban taɓa shiga gaban shanu hannu wofi ba, kuma ba da furfura zan fara ba. Wanda zai iya ƙwato ta daga ƙarƙashin wannan ƙaton, bismilla."

A al'adar rugar, garken Arɗo ne ke fara shiga gona, shi yana gaba, sannan saura su biyo. Na dubi ɗan ƙanensa. Fuskarsa ta ɗaure, domin maganar da ya yi gaskiya ce, shanunsa suna jin yunwa. Amma me zai ce? Idan ya yi fushi, ya yi fushi da wasa a gaban gari guda, kuma za a riƙa ba da labarinsa har jikokinsa. Can ya girgiza kai, murmushi ya ƙwace masa. "Barebari dai sai Allah," in ji shi.

Mai gari ya karɓi ɓarin goronsa ya ce, "To, magana ta koma tsakanin bawa da ubangidansa, ni kuwa har yau ban san wanne ne wanne ba. Ranar da sanda ta koma hannun mai ita, ranar za a saki gona. Liman, a yi mana addu'a."

Jiran bai zo wa makiyaya da sauƙi ba, kuma ba na son in ba da labarin kamar ba wanda ya ji jiki. Shanu sun ci gaba da zaga burtali da bakin tafki inda babu abin kirki, matan ruga sun riƙa shigowa gari da ƙwaryar da ba ta cika ba. Baffa ya loda harawarsa a amalanke ya aika ruga, da saƙon cewa abincin bayi ne, kada su ce ubangidansu ba ya kula da su. Arɗo ya aiko da amsa cewa shanu sun ci, sun ce ta yi gishiri. Kullum aka haɗu a masallaci sai ya bi Baffa yana yi masa kirarin ɓarawo, yana tafe yana lilo da hannu kamar wanda aka cire wa wani abu a jiki.

Da waken ya bushe, matan unguwa suka yi wa Gwaggo gayya suka rore shi tas. Washegari da safe ta jiƙa, ta niƙa, ta soya ƙosai cike da akushi ta aiko wa yayanta. Baffa ya ɗauki guda ɗaya a ƙofar gida, a gaban mutane, ya tauna a hankali ya ce ba laifi, ko da yake an yi rowar barkono. Ya sa aka ɗora sandar a kan akushin aka kai ruga. Da hantsi Arɗo ya shigo gaban garkensa, bai tsaya a ko'ina ba sai gonar Gwaggo, inda ganyen wake yake kwance ba a taɓa ba. A nan shanun suka yi kwanaki suna kwana, suka bar mata takin da manyan manoma ke roƙo ba su samu ba.

Na sha tambayar kaina abin da ya faru a ranar nan. Shin sun shirya ne a hanyarsu ta dawowa daga Gumel? Shin tambayar Oga ce ta sanar da Arɗo, ko kuwa ya riga ya sani, tunda makiyayi ya fi kowa sanin gonar da ta rage kore? Idan kuwa ganin allon ne ya motsa shi, to lissafina bai yi kuskure ba, nuna shi da na yi ne ya rushe shi, kuma wannan ya fi kuskuren wuyar fahimta. Bayan shekaru na tambayi Arɗo ko da gangan ya ajiye sandar. Ya ce, "Goro nake fasawa. Kai da hannu ɗaya kake fasa goro?" Na tambayi Baffa, ya ce ɓarawo ba ya tambayar dalilin da ya sa aka bar ƙofa a buɗe. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya ba tare da sun ƙara mini ko kalma ba. Nakan kuma tuna mutumin nan mai dawa na shekarar da ta gabaci waccan kakar, wanda ba shi da abokin wasa a kan tabarmar, kuma shanu suka shiga gonarsa. Hanyar da ta ceci Gwaggo ba kowa take buɗe wa ba, kuma ban san yadda zan auna adalcinta ba.

Kafin a janye yajin aikin na koma wurin Oga muka zauna a kan sifirin. Muka sa babbar lamba, sai wakilan biyu suka riƙa haɗuwa a tsakiya a kowane zama, abin da Baffa da Arɗo ba su taɓa yi ba. Muka sa lamba mai ja da baya, sai suka zama abokan gaba. Muka sa ƙarama, ba abin da ya canza, Litinin ta dawo. Oga ya ce in ƙirƙiro wa wakilin Arɗo sanda, na ce to wa zai gaya masa ranar da zai fasa goro?

Na goge sifirin ban sa komai a gurbinsa ba. Manhajar da na miƙa wa jami'a, idan zagaye ya kai kan Baffa da Arɗo, tsayawa take yi ta jira wanda ke zaune a gabanta ya ba ta amsa.